Bulaman da Muka Ɗora a Baro

Shekara shida na yi a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwarmu a Gwange, kuma ni ne mai tsara labari. Da safe ina koyarwa a firamare, da la'asar in yara sun watse mu tura bencina gefe a aji ɗaya mu yi gwaji. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiranmu da wani suna ba sai 'yan kama, in ranta ya ɓaci kuma 'yan iskan gari. Mutanen unguwa 'yan dirama suke cewa. Mu kuwa in mun je gaban masu ba mu aiki, masu faɗakarwa ne mu. In muna tsakaninmu jarumai ne, har da wanda bai taɓa fitowa a komai ba sai gawa.

A shekarun nan ƙungiyoyin agaji ne suka fi ba mu aiki. Su ba ka saƙo, wanke hannu ne ko rigakafi ko amai da gudawa in damina ta kama, kai ka san yadda za ka yi mutane su tsaya a rana su saurara. To, ba wanda zai tsaya maka in ba wawa a wasan. Sai an samu mutum ɗaya wanda bai san komai ba, ya yi ta kwafsawa ana dariya, a ƙarshe cutar ta kama shi, kowa ya tafi gida yana jin shi ya fi wannan wayo.

Mu a wajenmu wawaye ba ɗaya ba ne, kuma mun sha yin musu a kai har magariba. Baƙauye gari ne kawai bai sani ba, in ya yi wata uku zai iya sayar da kai. Dolo a hankali yake, sai an gama dariya yake tambayar me aka ce. Soko da gaula daraktanmu ya ce duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su, ni na ce ƙarya ne, gaula yana da baki. Amma wanda ya fi kawo dariya shi ne gaɓo, mutumin da duk abin da ka faɗa masa zai yarda da zuciya ɗaya. Matsalar ita ce gaɓo ba ya kwaikwayuwa. Mai wayo in ya saki baki ya karkata hula, 'yan kallo suna hango wayon a idonsa.

Shi ya sa daraktanmu yake da wata al'ada. Sabon shiga ba a faɗa masa labari. A ce masa kai wane ne, ga abin da za a zo maka da shi, yi yadda za ka yi a gaske. Sauran mu mun san inda ramukan suke, shi bai sani ba. Yawancin sababbin shiga wasa ɗaya suke yi su gane, su zage mu, a yi dariya a wuce. Ni ma haka aka yi mini, na sha ruwan barkono a gaban jama'a a sunan shayi.

A bakin katangar makarantar akwai wani dattijo mai wankin hula. Zai kai sittin, dogo, siriri, ga tsafta kamar ba a bakin kwata yake zaune ba. Yana goge hula da buroshi, ya sa mata sitaci, ya ɗora a kan gumaguman icce ya jera a rana. Daga wani ƙauye ya fito can wajen tafki, lokacin da rikici ya sa mutane suka gudo gari. A can shi ne bulama, wato mai gari, kamar yadda ubansa ya yi. A nan ba gona, ba saniya, ba gida sai ɗaki ɗaya a wani kango a unguwar Dala. Abu guda ya rage masa. Mutanen ƙauyensa yawancinsu a Dala suka yada zango, kuma duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci magidantansu sukan taru a tabarmarsa a gindin darbejiya. Su cire takalmi, su durƙusa su gaishe shi, mai rigima da maƙwabci ya faɗa, mai neman aure wa ɗansa ya faɗa, shi ya yanke. In yana ba ni labarin zaman Juma'ar nan har muryarsa canzawa take yi. Ya taɓa ce mini, "Malam, kwana shida ina wanke dattin kan mutane, rana ɗaya ni mutum ne."

Ta taga yake kallon gwajinmu. Ran nan muna shirya wasa a kan amai da gudawa, wani yaronmu yana fitowa a mai gari, ya zauna ya harɗe ƙafa yana daka tsawa. Sai muka ji murya daga taga.

"Ba haka ake yi ba."

Dattijon ne. Ya zagayo ya shigo, ya nemi izini, ya ce mai gari ba ya ɗaga murya, kuma ba ya amsa wa baƙo sai ya san ɗan wane ne. Ya zauna a kujerar ya gyara riga, ya ɗora tafin hannu a gwiwa. Wallahi ajin ya yi tsit. Na dubi darakta, darakta ya dube ni. Kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya gani.

Da ya fita, darakta ya buga cinya ya ce, "Allah ya kawo mana gaɓo har gida."

Washegari na same shi a bakin katanga na ce, "Baba, muna so ka fito mana a bulama. Yaran nan ba su san sarauta ba." Ya ce shi ba ɗan wasa ba ne, a garinsu masu ba da dariya a biki daban suke, ba a haɗa zuri'a da su. Na ce haba Baba, wa ya ce dariya? Faɗakarwa ce, ceton rai ne. Ya tambaye ni ko zai yi ƙarya a ciki. Na ce ko ɗaya, abin da za ka yi a garinka shi za ka yi. A wannan kam ban yi masa ƙarya ba.

Ga abin da muka gaya masa: baƙi za su zo suna so su zuba wani magani a rijiyar garinka. Shi ke nan. A takardar da muke rubuta wa zai fito a me, a gaban sunansa na rubuta Gaɓo da manyan baƙaƙe, na manna a bango. Ya yi karatun allo har ya sauke, amma boko ba ya ja. Kullum ta gaban takardar yake wucewa.

A Gwange muka fara, a wani fili kusa da masu niƙa. Ya zo da babbar rigarsa ta kansa, fara sol, ita kaɗai ya tsira da ita daga ƙauye. Yarinyar da ke fitowa a ma'aikaciyar lafiya ta shigo da jarkarta. Ya tambaye ta sunan ubanta da garinsu da wanda ya aiko ta. Ya ce in maganin na kirki ne ta fara sha a gabansa. Ka duba fa, duk maganar hankali ce. Amma a bayansa yara biyu suna kwaikwayon yadda yake gyaɗa kai. Ita kuma ta juya harshe ta yi ta zuba masa Turanci, shi yana cewa "to, to" don kada ya kunyata baƙuwa. Sai ta miƙa masa kwalbar man goge hannu, wannan mai sanyi da ake murzawa ba ruwa. Ya shinshina, ya zuba a tafi, ya shafa a wuyan riga da gemu da bayan kunne, ya miƙa mata ya ce Allah ya yi albarka, turaren ba laifi sai dai ba ya kama jiki.

Fili ya kece. Mata suna riƙe ciki, wani mai keke har ya faɗi da kekensa. Ba Hausarsa ake wa dariya ba, a garin nan kowa da inda tasa ta karkata. Fuskar ce. Mutum ya shafa man hannu a gemu, ya kuma dube ka da nauyin mai yanke hukunci.

Bayan an tashi ya ja ni gefe ya ce, "Malam, yarinyar nan ta yi ƙoƙari. An yi mata dariya da yawa, amma laifinta ne, ba a yi wa babba yaren da ba ya ji. Ku ba ta haƙuri." Na ce za mu ba ta, Baba. Na shiga bayan mota na yi dariya har hawaye. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji, irin daɗin da ban taɓa ji a aikin ba. Shekara nawa ina tsara labari, ban taɓa rubuta abin da ya kai wannan ba.

Muka kai wasan Wulari, muka kai wasu unguwanni biyu. Ko'ina haka. Ba wanda ya gaya masa man nan ba turare ba ne, darakta ya ce duk wanda ya faɗa a bakin wasansa. Masu ba mu aiki suka ce ina muka samo wannan jarumi. Shi kuwa tafiyarsa ma ta canza. Ya fara zuwa gwaji kafin kowa, yana yi wa yara gyaran zama da gaisuwa, su kuma suna "ranka ya daɗe" suna ƙifta wa juna ido.

Shi da bakinsa ya roƙa a kai wasan Dala. Ya ce mutanensa suna shan ruwan 'yan garuwa ba su san daga inda aka ɗebo ba, yara biyu sun riga sun kwanta. Sannan ya ɗan sunkuyar da kai ya ce yana so su gan shi a kujera. Tun da suka baro gida ba su gan shi a kan kujera ba.

A nan ne ni, ba darakta ba, na kawo shawarar ƙarshe. A wasannin baya bulama yakan ƙi maganin, sai a zo a ce masa jikansa ya kamu, a rufe da nasiha. Na ce wannan ƙarshen ba gishiri. Cutar shi ya kamata ta kama. A dama kunu da ɗan garin kuka, a ƙulla a leda marar kauri, a ajiye a kujerarsa a rufe da ƙyallen atamfa lokacin da ya tashi duba rijiya. In ya dawo ya zauna ta fashe. In ya miƙe, jama'a su ga bayan riga. Sai a ɗauke shi a baro a yi asibiti da shi. Yaran suka yi ta ihu suna dukan benci. Darakta ya ce, "Kai Malam, Allah ya shirye ka."

Lasifikar da muke amfani da ita ta wani mai shagon kayan wuta ce a kasuwa, Ibo ne, Kirista, ya fi shekara talatin a garin, Barbarcinsa ya fi nawa. Oga muke ce masa. Bai yarda da hannunmu ba, don haka shi yake kawo kayansa ya zauna kusa da su. Ranar wasan Dala yana haɗa waya ya gan ni ina ƙulla ledar a bayan labule. Ya tambaya, na gaya masa ina dariya.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ticha, tsohon ya sani?"

Na ce in ya sani ai ba daɗi.

"Mutanensa ne fa a wajen nan. Matarsa ga ta can."

Na ce, "Oga, kai dai ka kula da wayarka. Mu ba mu koya maka sayar da soket ba." Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Da ubanka ne fa?" Na ce ubana ba zai shafa man hannu a gemu ba. Raina ne ya ɓaci, don na san gaskiya ya faɗa, kuma ba na son mai gaskiya ya tare ni ana saura minti goma a fara.

Bayan la'asar ne, rana ta yi sanyi, an yi ruwa da safe ƙasa ta kwanta. Filin gaban kangon ya cika. Magidantan ƙauyensa suka zauna a gaba a tabarmi, mata a gefe, yara a kan katanga. Da ya fito cikin farar rigarsa, har da sabuwar hula da ya ara daga cikin na masu kawo wanki, dattawan suka ɗaga hannu suna gaishe shi da Barbarci kamar a gida. Ya zauna a farar kujerar roba, ya ɗora tafin hannu a gwiwa.

Da farko ba su yi dariya ba. Da ya tambayi yarinyar sunan ubanta suka gyaɗa kai, haka ake yi. Da ya ce ta fara sha, wani tsoho ya ce madalla. Na ce a raina yau wasa ya mutu. Amma da aka zo kan kwalbar, yaran katanga suka fara, don su an raba musu irinta a makaranta, sun san ko mece ce. Ɗaya ya ƙwala, "Na hannu ne!" Matan suka rufe baki da mayafi. Sai wani magidanci a sahun gaba ya kasa riƙewa ya tuntsire, daga nan kuwa kamar an ɓalle famfo.

Ya ji. A Gwange da Wulari dariyar baƙi ce, bai san muryar kowa ba. A nan ya san kowace murya da mai ita. Na ga ya waiga ya dubi yarinyar, ya dubi kwalbar a hannunsa, ya dubi sahun gaba. Da ya tashi zai je duba rijiya aka ajiye ledar, ina tsaye a bakin labule, taku uku tsakanina da kujerar. Da na miƙa hannu na ɗauke ba wanda zai lura. Ban ɗauke ba. So nake in ji ƙarar da filin zai yi.

Ya je ya duba bokitin da muka ajiye a matsayin rijiya, ya dawo ya zauna. Na tabbata ya ji danshin. Amma mutum irinsa ba ya mutsu-mutsu a gaban jama'a, ya daure ya ci gaba da magana, ya yanke hukuncinsa cewa ba za a zuba komai a ruwan garinsa ba sai ya yi shawara da dattawa. Sannan ya miƙe, ya juya zai tafi.

Ban taɓa jin irin wannan ihu ba. Wani yaro a kan katanga ya ce, "Bulama ya yi zawo!" Sauran suka ɗauka suna waƙe shi suna tafi. Ya kai hannu baya ya taɓa, ya dubi yatsunsa. Kafin ya ce uffan yaranmu biyu sun shigo da baro a guje, suka kama shi hagu da dama suka jefa a ciki, ƙafafunsa suna reto, hular aro ta faɗi a laka. Bai yi kokawa ba. Suka ratsa da shi ta tsakiyar jama'a kamar yadda na tsara. A nan ya ɗaga hannun dama, tafi a buɗe, yadda yake yi a tabarma in yana so a yi shiru. Suka ɗauka cikin wasan ne. Dattawan da suke durƙusa masa duk Juma'a, wani yana dukan ƙasa, wani yana share hawaye da hannun riga. Matarsa kaɗai na ga ta tashi ta shige kango.

Yarinyar ta karanto nasiha, aka yi tafi, aka raba sabulu. Ko da na leƙa bayan labule ba ya nan. Oga ya naɗe wayoyinsa bai yi wa kowa sallama ba, kuma daga ranar bai sake ba mu lasifika ba.

Kwana huɗu bakin katangar makaranta ba kowa, gumaguman suna jingine. Ina so in ce damuwa ce ta kai ni Dala ranar Juma'a, amma ba ita ba ce. Masu ba mu aiki ne suka ga hoton wasan a waya, suka ce suna son a yi shi a wasu unguwanni, da bulaman nan da baron da komai. Darakta ya ce ni na ɓata, ni zan lallaso. A hanya ina ta shirya abin da zan faɗa. Na ɗauka zan tarar da shi shi kaɗai a tabarma, na ma shirya fuskar tausayi.

Gindin darbejiyar a cike na same shi. Ban taɓa zaton ƙauyen nasu yana da mutane haka ba. Magidanta, samari, mata a tsaitsaye daga baya, yara a kan reshe. Wasu a kan tabarmar da takalmansu. Yana zaune a tsakiya da wata tsohuwar kaftani, yana ƙoƙarin tambayar wani mutum yadda suka ƙare da maƙwabcinsa a kan maganar makwararar ruwa. Mutumin ya ce, "Ai mun kai wa liman, an gama." Sai wani saurayi ya ce, "Bulama, yi mana na ranar nan mana." Aka ɗauka, yi mana, yi mana.

Ya ce yau Juma'a ce, in akwai mai magana ya kawo. Ba wanda ya kawo. Wasu daga baya suka fara juyawa, wani dattijo ya jawo takalminsa ya ce to bari su je, dama sun ɗauka za a yi wani abu. Ya bi su da ido, ɗaya, biyu, biyar, tabarma tana buɗewa.

Sai ya dafa ƙasa ya miƙe. Ya zuba abin da babu a tafinsa ya shafa a gemu. Masu tafiya suka tsaya. Ya kama bayan kaftaninsa da hannu biyu, ya buɗe ƙafa, ya fara tafiya yana waige yana zare ido. Ba mu koya masa wannan ba, shi ya ƙirƙiro. Wurin ya kaure, waɗanda suka tafi suka dawo da gudu suna neman wurin zama.

A cikin waigen ne ya hango ni a tsaye. Bai saki rigar ba. Ya ce wa jama'a ga malaminsa ya zo, a ba ni wuri. Sannan ya dube ni, idonsa a bushe, ya ce, "Malam, haka ake yi ko?"

Kowa ya juyo yana jiran abin da zan ce.

Na ce, "Haka ne, Baba."